Daga ɗigon jini zuwa allurar B12: bin sawun wani ƙarancin jini

Lamba ɗaya ce a takardar gwaji ta sa muka dakatar da maganin da iyalin wani dattijo suka riga suka sayo. PCV ɗinsa, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, 19 cikin ɗari, hemogulobin giram 6.4, jajayen ƙwayoyin jini miliyan 1.6 a kowace maikurolita. Wannan duk ƙarancin jini ne irin wanda muke gani kullum. Amma MCV, wato matsakaicin girman jar ƙwaya guda, ya nuna 119, alhali na mai lafiya tsakanin 80 ne da 100. Ko babu inji ana fitar da shi da biro: a ninka PCV sau goma, a raba da adadin miliyoyin, wato 190 a raba da 1.6. Ƙwayoyin sun yi kaɗan, kowace kuma ta yi ƙatuwa. A wajenmu da an ce jini ya yi ƙasa, hankalin kowa kan rashin sinadarin ƙarfe yake tafiya, shi kuwa rashin ƙarfe tsumburar da ƙwaya yake yi.

Dattijon ya haura sittin. Shekara tara yana shan metformin saboda ciwon suga, ga omeprazole kusan kullum saboda ƙwannafi. Kukansa haki da jiri, da ƙafafun da yake ji kamar kiyashi na yawo a cikinsu. Ɗansa ya ajiye leda a kan tebur: kwalbar maganin ƙarin jini da 'yan ƙwayoyin folik asid rawaya masu miligiram 5, daga kemis ɗin unguwa.

"Ya fara sha?"

"A'a likita, jiya da daddare na sayo, muka ce sai mun gan ku."

"To a ajiye tukuna. Ko ɗaya kada Baba ya sha sai mun ɗebi jini."

Wannan tambayar ake fara yi kafin a taɓa sirinji. Ƙwayar folik asid guda tana ɗaga awon folet na ruwan jini, wato bitamin ɗin da folik asid ke samarwa, cikin sa'o'i, allurar B12 guda tana ɓata awon B12 na tsawon makonni, ƙarin jini kuwa komai yake dagulawa.

Harshensa ja ne sumul, kaushin nan na saman harshe duk ya goge. Farin idonsa da ɗan rawaya-rawaya. Na kaɗa ƙarfen gwaji mai baki biyu, mai karkarwa 128 a sakan, na dafa gindinsa a ƙashin babban yatsan ƙafa: shiru. A idon sawu ma shiru, sai a gwiwa ya ce ya ji. Na ce ya haɗe ƙafafu ya rufe ido, nan take ya yi tangaɗi har ɗansa ya tare shi. Mai suga kan rasa ji a ƙafa, shi ya sa sau da yawa ake ɗora wa sugan laifi a wuce.

Kwalba uku muka cika, kuma jerin yana da muhimmanci. Mai jan murfi, wadda babu maganin hana daskarewa a ciki, ita ce ta farko, mililita 5, don B12 da folet, da LDH da bilirubin masu hawa idan ƙwayoyin jini na mutuwa, da feritin mai nuna ajiyar ƙarfe, da kiriyatinin mai nuna aikin ƙoda, da fotasiyam. Sai masu murfin shunayya, na EDTA mai hana jini daskarewa, daga baya, domin akwai fotasiyam a cikin EDTA, idan ya taɓa bakin sirinji ya shiga jar kwalba zai ba da awon ƙarya. A cire allura kafin a zuba jinin, kada a matsa shi da ƙarfi ta cikinta. Folet ɗin cikin jajayen ƙwayoyi ya ninka na ruwan jini sau da yawa, in suka farfashe sai mai ƙaranci ya fito kamar mai wadata, LDH da fotasiyam ma su hau. Jar kwalbar mun naɗe ta da takarda don haske na lalata folet. Kwalba ta uku ta homosistin ce, sinadarin da ke taruwa a jini idan B12 ko folet ya yi ƙaranci, ita kuwa cikin ƙanƙara take tafiya, a kaɗa ta a inji a ware ruwan cikin sa'a ɗaya, don ƙwayoyin na ci gaba da zubo homosistin ko a cikin kwalba, kusan kashi goma cikin ɗari a kowace sa'a idan an bar ta a zafin ɗaki.

Shafin jini a gilashi don dubawa a madubi kuwa cikin sa'a biyu ya kamata a yi shi. Jinin da ya kwana a EDTA ƙwayoyinsa kumbura suke yi, fararen kuma su lalace. Ɗigo ƙarami kusa da ƙarshen gilashi, a kawo gilashin shafawa a ja baya har ya taɓa ɗigon, jini ya bazu a bakinsa, a tura gaba sau ɗaya ba tsayawa. Jinin mai PCV 19 tsararo ne, sai an ɗan ɗaga gilashin shafawar zuwa kusurwa 45, in ba haka ba shafin ya zarce har ƙarshen gilashi babu wutsiya. Bayan ya bushe na rufe shi da rinin Leishman minti biyu, na ƙara ruwa mai pH 6.8 ninki biyu na rinin, na bar shi minti takwas zuwa goma, na ɗauraye. Ruwan famfo a nan shi ke ɓata aiki: in ya yi tsami komai ya koma ruwan hoda, in ya yi kanwa-kanwa komai ya yi shuɗi.

Da ɗigon mai a kan gilashi da idon madubi na 100, na fara da neman ƙaramar limfosait, wata farar ƙwayar jini, don cibiyarta ita ce ma'auni: jar ƙwaya mai lafiya kusan girmansu ɗaya. Na dattijon sun fi ta nesa ba kusa ba, kuma siffar ƙwai gare su, farin tsakiyarsu ya cike. Da kewayayyu ne da na fara tunanin hanta ko giya. Sai niyutirofil, ita ma farar ƙwayar jini ce. Cibiyar mai lafiya gaɓa uku ce ko huɗu. Na ƙirga ɗari: 17 masu gaɓa biyar, 6 masu gaɓa shida, ɗaya har bakwai. Ƙa'idar ita ce, masu biyar su wuce 5 cikin ɗari, ko a ga mai shida ko da guda. Wannan alamar ta fi MCV amana, domin idan rashin ƙarfe ya haɗu da rashin B12 ko folet, ƙanana da manyan ƙwayoyi sai su ba da matsakaici mai kyau, inji ya ce lafiya lau, amma niyutirofil ba ta ɓoyewa.

Abin da ke kan gilashin nan labarin tubalan DNA ne. Ɓargo na fitar da jajayen ƙwayoyi sama da miliyan 2 a kowane sakan, kowace kuma sai da uwarta ta rabu sau huɗu ko biyar kafin ta nuna. Duk rabuwa ɗaya sai an kwafe DNA gaba ɗaya, tubali kusan biliyan 12. Tubalin shi ake kira niyukiliyotaid, kuma abu uku ne a haɗe: sukari, fosfet, da harafi ɗaya cikin A, G, C, T. A abinci ana samun kaɗan, jiki kuma na sake amfani da tsofaffi, amma ƙwayar da ke rabuwa da sauri dole ta ƙera sababbi, kuma kusan kowane lungu na ƙirar da bitamin B a tsaye.

Sukarin daga gulukos yake fitowa. Hanya ɗaya tana bi ta inzayim G6PD (inzayim furotin ne mai gudanar da wani aiki a cikin ƙwaya), tana samar da NADPH, wanda daga niyasin ne, B3. Ɗaya hanyar tana bi ta tiranskitoles, shi kuma ba ya motsi sai da tayamin, B1. Ana ɗora wa sukarin fosfet ya zama PRPP, a kansa ake gina A da G zarra bayan zarra cikin matakai goma. Zoben nasu zarra tara ne: gilaisin ya ba da uku, gulutamin biyu, asfatet ɗaya, iskar da muke fitarwa ɗaya, sauran kabon biyun, na gurbi na 2 da na 8, folet ne ke kawo su. C da T ta wata hanya suke zuwa, ta tubali mai harafin U, wanda RNA, 'yar'uwar DNA, ke amfani da shi a madadin T, a tsakiyarta kuma akwai inzayim mai aiki da ribofilabin, B2. Daga nan sai wani inzayim mai ƙarfe a jikinsa ya cire oksijin ɗaya daga sukarin, ya mai da tubalin RNA na DNA. Shi haidiroksiyuriya ke toshewa, shi ya sa masu sikila da ke shan ta MCV ɗinsu kan haura 100 ba tare da rashin wani bitamin ba. Mun tambayi dattijon duk magungunan da yake sha saboda irin wannan: zidobudin, metotireksit, fenitoyin, Septrin na dogon lokaci. Babu ko ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne T. Bambancin T da U kabon ɗaya ne tak da haidirojin ɗinsa, kuma hanya ɗaya ce ake ƙera shi sabo: inzayim taimidilet sintes ya karɓi kabon daga hannun folet ya liƙa wa U. Folet ɗan dako ne, kabon ɗaya yake ɗauka a kowane sawu. Idan ya sauke a nan, shi kansa yana raguwa ya koma DHF, siffarsa da ba ta iya dako, sai inzayim DHFR ya farfaɗo da shi da NADPH ya koma THF, siffarsa mai iya dako, sannan wani inzayim mai aiki da B6 ya yanko masa sabon kabon daga serin. Haka yake zagayawa. Kusan kashi 30 cikin ɗari na haruffan DNA ɗin mutum T ne, wato sama da biliyan 3 a kowace rabuwa, kowane ɗaya sawu guda na ɗan dakon nan.

In T ya yanke, U sai ya taru, mai kwafar DNA kuwa bai cika bambance su ba, sai ya riƙa saka U a gurbin T. Masu gyara su zo su cire, su nemi T su rasa, a sake saka U, a sake cirewa, har zaren ya tsinke. RNA ba ruwanta da T, don haka furotin da hemogulobin na ta taruwa, jikin ƙwaya na girma, cibiya na nan ɗanya. Yawancinsu a cikin ɓargon suke mutuwa. Gawarsu ce ke fitowa a takarda: LDH ɗin dattijon 2,400 inda bai kamata ya wuce 250 ba, bilirubin ya ɗan hau, shi ne rawayar idon, sababbin ƙwayoyi kuma, retik, 0.6 cikin ɗari kacal. Fararen ƙwayoyi 3,100, masu daskarar da jini 98,000. Harshen da ya goge ma dalilin ke nan, fatarsa na cikin masu saurin sabuntawa.

Duk wannan bayanin B12 bai shigo ba, kuma hakika ba ya taɓa niyukiliyotaid da hannunsa. A jikin mutum inzayim biyu kawai ke buƙatarsa. Akwai wani inzayim mai aiki da B2, MTHFR, da ke ɗora wa folet kabon a siffar metil, kuma ɗorawar ba ta komawa baya. Mai sauke wannan kayan ɗaya ne a duk jiki, metiyonin sintes, wanda ke karɓar metil ɗin ta hannun B12 ya miƙa wa homosistin ya zama metiyonin. Babu B12, babu mai saukewa. 'Yan dako su yi ta shiga layin da kaya a ka, ba mai fitowa, wajen ƙera T kuma babu kowa. Victor Herbert da Ralph Zalusky suka bayyana wannan tarkon a 1962. Sakamakon dattijon ya fito kamar an zana shi: B12 fikogiram 96 a mililita, inda ƙasa da 200 ƙaranci ne, folet nanogiram 14, wadatacce, amma a ɗaure, homosistin 68, inda iyakarsa 15.

Inzayim na biyu mai buƙatar B12 a cikin mitokondiriya yake, wato injin samar da ƙarfi na ƙwaya, idan ya tsaya sai asid ɗin metilmalonik, MMA, ya taru. Homosistin na hawa a rashin folet da na B12 duka, MMA kuwa a na B12 kaɗai, shi ya sa yake raba gardama idan B12 ya faɗo tsakanin 200 da 300. Ciwon ƙoda na ɗaga su biyun, don haka sai an duba kiriyatinin kafin a yarda da su. Gwajin na da tsada, a 96 kuma babu gardamar da za a raba, ba mu aika ba.

Yanzu ga haɗarin ledar nan. Folik asid na kemis ba a siffar metil yake ba. DHFR ne ke karɓarsa kai tsaye ya mai da shi THF, ya shiga aiki ta bayan gida bai bi ta hannun B12 ba. T zai samu, jini zai hau, haki ya tafi, kowa ya yi hamdala. Amma rufin jijiyoyi da na laka yana buƙatar metiyonin da B12 kansa, kuma folik asid ba ya kai nan. Sai laka ta ci gaba da lalacewa a ɓoye, alamar da za ta sa a bincika kuma an goge ta. A ganina duk wanda ya ga manyan ƙwayoyi kuma ba shi da halin gwaji, gara ya fara da allurar B12 sannan ya bi da folik asid, ko ya ba da su tare. Folik asid shi kaɗai ga babban mutum mai kukan ƙafa, ganganci ne. Kwalaben da aka rubuta wa B-kwamfiles ma a karanta jikinsu, da yawa B1 da B2 da B6 da niyasin ne kawai, B12 babu ko ɗan kaɗan ne.

Tunda jijiya ta taɓu, mun fara haidiroksokobalamin miligiram 1 a tsoka, yau a yi gobe a huta, har mako uku. Inda babu matsalar jijiya sau uku a mako ne na mako biyu. Jini ba mu ƙara masa ba. Ƙarancin da ya zo a hankali jiki ya saba da shi, zuciyar dattijo kuma leda ɗaya da aka sake da gudu na iya cika masa huhu da ruwa. Da dole ta kama, da tatattun ƙwayoyi za a saka, leda ɗaya a kan sa'a huɗu, da maganin fitsari.

Daga nan aikin ƙirga ne. Ana haɗa jini da shuɗin rinin retik daidai wa daida, a ajiye a zafin 37 minti 15 zuwa 20, a shafa, a ƙirga jajaye dubu a ga nawa ne masu zare-zaren shuɗi a ciki. Rana ta uku 2 cikin ɗari, ta biyar 9, ta bakwai 21. Wannan tashin shi ne shaidar cewa an gano cutar, in bai zo ba zuwa rana ta takwas a koma a sake tunani. Tun rana ta biyu ya ce ƙarfi ya fara dawo masa, ya nemi tuwo, alhali PCV bai motsa ba. A rana ta uku fotasiyam ya sauka daga 4.1 zuwa 3.3, don sababbin ƙwayoyi na kwasarsa, muka ba shi na sha na 'yan kwanaki. Yurik asid ma kan hau a makon farko, saboda kowace jar ƙwaya sai ta tofar da cibiyarta kafin ta fito, A da G na ciki kuma a jikin mutum yurik asid suke ƙarewa. Mai tarihin kumburin gaɓa na gawut a sa masa ido. Niyutirofil masu gaɓa shida sun kai mako biyu kafin su ɓace. A mako na huɗu feritin ya faɗi, jinin ya ɗan tsaya, a nan ne kwalbar ƙarfen da ɗansa ya sayo ta yi rana. Mako na takwas hemogulobin 12.6, MCV 94.

Saura dalili. Hanta da sauran jiki na ajiye B12 miligiram 2 zuwa 5, buƙatar rana kuma maikurogiram 2.4 ce, don haka sai an yi shekaru kafin rumbun ya ƙare, saɓanin folet da wata huɗu ya isa. Mutumin da ke cin nama da ƙwai, yana shan nono, matsalarsa tsotsewa ce. Sai tsamin ciki ya raba B12 da nama, sai wani furotin da bangon tumbi ke fitarwa ya riƙe shi ya raka shi har ƙarshen ƙaramin hanji, a nan ake karɓarsa. Omeprazole na rage tsamin, metformin na rage karɓar. Amma gwajin garkuwa ya nuna jikinsa na yaƙar furotin ɗin rakiyar, ita ce cutar da George Minot da William Murphy suka fara maganinta a Boston a 1926 da ciyar da marasa lafiya hanta mai yawa kullum. Hantar ta yi aiki ne don kusan kashi ɗaya cikin ɗari na B12 na ratsa hanji ko babu rakiya, dalilin da ya sa ƙwayar maikurogiram 1,000 ta sha ke yi wa wasu aiki a yau. Mai matsalar laka dai allura muke ba shi, har ƙarshen rayuwa. Metformin mun bar masa, omeprazole muka rage, muka auna aikin tayirod ɗinsa, ƙullin da ke maƙogwaro, don cutar tayirod da wannan cutar kan zo tare.

Ɗan ya tambaya ko matarsa mai juna biyu za ta iya shan folik asid ɗin, kada ya tafi a banza. Na ce ta tsaya kan wanda ake ba ta a wajen awo. Fansidar da ake ba masu ciki don rigakafin zazzaɓin cizon sauro tana kashe ƙwayar cutar ne ta hanyar toshe mata folet, firimetamin na ciki DHFR ɗinta yake kamawa, ya hana ta T. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a haɗa shi da folik asid miligiram 5 kullum don yana rage masa ƙarfi, miligiram 0.4 da ke haɗe da ƙarfe shi ne daidai, sai in likita ya ga wani dalili na musamman.

A wata na shida na sake kaɗa ƙarfen. A idon sawu ya ji, ƙafa biyu. A babban yatsa har yanzu shiru, kuma abin da bai dawo ba cikin wata shida zuwa shekara yawanci ya tafi ke nan. Ya rufe ido ya tsaya sakan talatin ba a tare shi ba. Na rubuta masa ranakun allura a katinsa, duk bayan wata biyu, na kuma rubuta a saman katin da jan biro cewa ba a dainawa ko jini ya cika.